Hare-haren Ikhwan a iyakar Iraƙi da Najad, 1922 zuwa 1930: jiragen Ingila ne suka kashe wutar?

Ɗalibin Tarihi ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan uwa. Tambayata ta shafi hamadar da ke tsakanin kudancin Iraƙi, Kuwait da Najad a shekarun 1920, lokacin da Iraƙi take hannun Turawan Ingila, shi kuma Abdul'aziz ɗan Sa'ud yana faɗaɗa mulkinsa daga Riyad. A wancan zamani mayaƙan ƙabilun Najad da ake kira Ikhwan, waɗanda ba su da wata alaƙa da ƙungiyar 'Yan'uwa Musulmi ta Masar, sun riƙa ƙetare iyaka suna auka wa makiyaya, suna kashe maza suna kore dabbobi, har zuwa watan Janairun 1930 da jagoransu Faisal al-Duwaish ya miƙa wuya.

Bayanin da aka fi yawan yi shi ne cewa Ingila ta gano hanya mai arha ta tsare hamada, wato jiragen sama da motoci masu sulke, kuma da su ta murƙushe maharan. Abin da ya hana ni gamsuwa shi ne lissafin shekaru. Rundunar sojan saman Ingila ta karɓi ragamar tsaron Iraƙi tun watan Oktoban 1922, amma hare-haren ba su tsaya ba sai bayan shekara bakwai, kuma mafi muninsu sun zo ne a ƙarshe, daga 1927 zuwa 1929. Idan jirgi ne maganin, me ya sa ciwon ya daɗe haka? Ina kuma son a fayyace mini wane ne yake da gaskiya a kan ita kanta iyakar, domin kowane ɓangare ya zargi ɗan'uwansa da karya alkawari.

Malam Mai Nazari ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Shakkar da ka yi tana kan hanya, kuma amsar tambayarka ta biyu ita ce mabuɗin ta farko, don haka daga iyakar zan fara.

Kafin 1922 babu wani layi a wannan hamada. Abin da ake da shi shi ne rijiyoyi da wuraren kiwo, kowace ƙabila ta san nata, kuma tana tafiya tana dawowa gwargwadon inda ruwa ya sauka. Makiyayan tumaki na bakin kogin Furatu, waɗanda yawancinsu 'yan Shi'a ne masu jakuna, ba masu raƙuma ba, sukan fita kudu zuwa cikin hamada da zarar ruwan lokacin sanyi ya fito da ciyawa, su koma bakin kogi idan zafi ya shigo. Masu raƙuman Najad kuma sukan yi arewa, su sayi hatsi da dabino da tufafi a kasuwannin Kuwait da Zubair. A watan Mayun 1922 aka yi yarjejeniyar Muhammara, wadda ta raba ƙabilu tsakanin gwamnatoci biyu, ta ba Iraƙi Muntafiƙ da Zafir da Amarat, amma Abdul'aziz ya ƙi amincewa da ita. Shi ya sa aka sake zama a Uƙair a ƙarshen shekarar. A can Abdul'aziz ya nemi iyakar ta bi ƙabila, wato duk inda mutanensa suke shayarwa da kiwo ya zama ƙasarsa. Babban Kwamishinan Ingila a Bagadaza, Sir Percy Cox, ya ƙi, ya ɗauki jan fensir ya ja layi a kan taswira. Ya ba Iraƙi yanki mai faɗi daga abin da Najad take ikirari, sannan ya rarrashi Abdul'aziz da kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar da Kuwait take ganin tata ce, alhali sarkin Kuwait, Shaihu Ahmad al-Jabir, ba ya wurin, wani hafsan Ingila ne ya wakilce shi. Aka kuma ware yankuna biyu da ba na kowa ba, ɗaya tsakanin Najad da Iraƙi, ɗaya tsakanin Najad da Kuwait. Don kada layin ya yanke wa makiyaya hanya, aka rubuta cewa ƙabilu za su ci gaba da zuwa rijiyoyinsu, kuma ba za a gina ganuwa ko a tara soja a mashayun da ke kusa da iyaka ba. Ka riƙe wannan sharaɗi na ƙarshe, domin shi ne zai dawo ya tayar da rigima a 1927.

Dalilin da ya sa aka dogara ga jirgi kuwa kuɗi ne. Boren da mutanen Iraƙi suka yi a 1920 ya ci wa Ingila dukiya mai yawa, kuma a farkon wannan shekarar an gwada jirage a ƙasar Somaliya a kan Sayyid Muhammad Abdullahi Hasan, aka ga an gama da ɗan abin kashewa. Saboda haka Winston Churchill, wanda yake ministan ƙasashen mulkin mallaka, da Hugh Trenchard, shugaban sojan sama, suka tsara a janye yawancin sojan ƙasa a bar wa jirage aikin. Wannan dabara tana iya razana ƙauyen da yake zaune wuri guda, wanda aka san sunansa da sunan mai unguwarsa. Mahari a hamada wani abu ne dabam. Ikhwan sukan taru a wata rijiya can cikin Najad, su yi tafiyar dare a kan raƙuma, su faɗa wa zango da asuba, kafin hantsi sun gama sun juya. Wanda ya tsira sai ya yi kwana ɗaya ko biyu kafin ya isa inda akwai wayar tangaraho, sannan saƙo ya je sansanin Shu'aiba kusa da Basra, sannan jirgi ya tashi. Yawancin lokaci abin da jirgin yake yi ihu ne bayan hari. Ko da matuƙin ya hango ayari, ba shi da yadda zai bambance daga sama ko maharan ne, ko masu gudun hari ne, ko kuwa fatake ne. Kuma a shekarun farko ba a yarda jirage su bi sawu su shiga cikin Najad ba, don haka wanda ya ƙetare layin ya sha.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne halin da aka jefa makiyayan Iraƙi. Gwamnati ta hana su kai harin ramuwa, ba ta kuma iya kare su ba. Idan aka ji jita-jitar hari, sai a umarce su su koro tumakinsu su koma wajen kogi, a daidai lokacin da ciyawa take cikin hamada, dabba kuma take bukatarta don ta haihu ta yi nono. Mutumin da aka ba zaɓi tsakanin takobi da yunwa zai nemi hanya ta uku, shi ya sa da yawa daga cikinsu suka riƙa biyan zakka ga masu karɓar harajin Abdul'aziz domin su sayi aminci, ita kuma Bagadaza tana ɗaukar hakan a matsayin cin amana.

Abu Safiyya ya amsa:

Allah Ya ƙara wa Malam ilimi. Na yarda da yawancin abin da ya faɗa, amma ina ganin ya rage wa jiragen hakkinsu, kuma ɗalibinmu zai iya fita da fahimtar cewa ba su tsinana komai ba. A watan Agustan 1924 dubban Ikhwan sun shiga ƙasar Jodan, wadda Sarki Abdullahi ɗan Sharif Husaini yake mulka a ƙarƙashin Ingila, suka auka wa ƙauyukan Bani Sakhar da ke kudu da Amman, tafiyar da ba ta kai ta yini guda ba daga fadar sarki. Jirage da motoci masu sulke ne suka tare su a fili, suka kashe ɗaruruwa, sauran suka watse. Da babu su a ranar, da wuya a ce Amman za ta tsira. Tun kafin nan ma, a watan Oktoban 1920, bayan al-Duwaish ya tsare Shaihu Salim na Kuwait a cikin jar ganuwar Jahra, zuwan jiragen ruwan yaƙin Ingila da takardun gargaɗin da jirgin sama ya watsa suna cikin abin da ya sa ya janye.

Don haka ni a ganina sai a raba abu biyu. Jirgi ya kasa tsare makiyayi guda da garkensa, wannan gaskiya ce. Amma ya hana Ikhwan yi wa Amman da Kuwait da Zubair abin da suka yi wa Ɗa'ifa a watan Satumban 1924, inda suka shiga gari suka kashe mutane masu yawa. Ya kuma sanar da Abdul'aziz inda ƙarfinsa ya tsaya. Mutum ne mai lissafi, ya san cewa arewa ƙofa ce a rufe, shi ya sa ya juya zuwa Hijaz, ya karɓi Makka a 1924, Madina da Jidda a ƙarshen 1925, a watan Nuwamban 1925 kuma ya sa hannu a yarjejeniyar Bahra, ta ɓangaren Iraƙi, da ta Hadda, ta ɓangaren Jodan, tare da wakilin Ingila Sir Gilbert Clayton, sannan ta Jidda a 1927, wadda a cikinta Ingila ta amince da cikakken 'yancinsa. Kada kuma a manta da makamin da ba ya ƙara. Daga 1917 Ingila tana ba shi fam 5,000 kowane wata, kuma ba a daɗe da yanke wannan kuɗi a 1924 ba ya fita yaƙin Hijaz.

Umma Halima ta amsa:

Ina gaida malamai. Ni abin da nake so in ƙara shi ne ɓangaren mutanen Najad, domin idan aka ba da labarin daga Bagadaza kaɗai, sai a ɗauka hari daga kudu kawai yake zuwa. Bayan Abdul'aziz ya ci garin Ha'il a 1921, wasu daga ƙabilar Shammar sun gudu zuwa Iraƙi, daga can kuma suka riƙa komawa suna kore raƙuman Najad. Haka wasu 'yan Ikhwan da suka saɓa da Abdul'aziz suka yi. Sarkin Iraƙi a lokacin shi ne Faisal ɗan Sharif Husaini, wanda aka ƙwace wa gidansu Hijaz, don haka a Riyad babu wanda ya yarda cewa waɗannan hare-hare suna faruwa ba da saninsa ba. Mutumin Muɗair, ƙabilar al-Duwaish, da aka kore wa raƙuma, ya ga an kai su bayan wani layi da baƙo ya ja, aka ce masa ba shi da ikon bin sawunsu, ba zai ga adalci a wannan tsari ba. Wannan ba ya wanke kisan da Ikhwan suka yi, wanda ya saɓa wa tsohuwar al'adar harin Larabawan ƙauye, inda dabba ake nema ba rai ba. Su sun ɗauki duk wanda ba ya tare da su a matsayin wanda jininsa ya halatta, kuma makiyayan da ba su da laifin komai su ne suka fi ɗanɗana hakan.

Sai batun Busayya. A 1927 gwamnatin Iraƙi ta fara gina ofishin 'yan sanda a rijiyoyin Busayya, ta ce manufarta ita ce ta hana 'yan gudun hijirar da ke ƙasarta kai hari Najad. Abdul'aziz ya ce an karya sharaɗin Uƙair. Turawa suka ce wurin ya fi kilomita 100 daga layin, don haka ba ya cikin abin da ake nufi da kusa da iyaka. Matsalar ita ce ba a taɓa faɗin ko kilomita nawa ne kusa ba, kuma a hamada ba da kilomita ake auna nisa ba, da rijiya ake aunawa. Wanda ya zauna a kan rijiya ya mallaki duk kiwon da ke kewaye da ita. Ranar 5 ga Nuwamban 1927 mutanen Muɗair suka faɗa wa wurin da dare, suka kashe kusan duk 'yan sanda da magina da ke ciki.

Martanin Ingila shi ne abin da ba zan iya karewa ba. A watan Janairun 1928 ta kafa wata runduna ta musamman mai suna Akforce, ta ba jirage izinin shiga cikin Najad, aka watsa takardu ana umartar ƙabilu su ja da baya nesa da iyaka, sannan aka shiga jefa bama-bamai a kan zanguna da garkuna. Zango kuwa ba barikin soja ba ne, a nan mata da yara suke, kuma yawancin waɗanda aka watsa wa takardun ba su iya karatu ba. Sakamakon bai zama yadda aka zata ba, domin ƙabilun da ba su shiga rigimar ba, irin su Utaiba a ƙarƙashin Sultan ɗan Bijad, sun fara shirin shiga, shi kuma Abdul'aziz ya yi ta kukan cewa ana zubar masa da ƙima a idon mutanensa, waɗanda dama tun taron da shugabannin Ikhwan suka yi a Arɗawiyya a 1926 suke zarginsa da sassauci ga Turawa, da amfani da mota da tarho, da barin ƙabilun Iraƙi da Jodan suna kiwo a ƙasarsa. Sau biyu Clayton ya je Jidda a 1928 don a warware batun ofisoshin 'yan sandan, sau biyun aka tashi ba a daidaita ba.

Ɗalibin Tarihi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Daga bayananku na fahimci cewa jirgi ya kare garuruwa, bai kare makiyaya ba, kuma da aka tsananta amfani da shi a 1928 sai ya ƙara rura wutar. To, Malam, mene ne ya canza tsakanin wannan shekara da Janairun 1930? Ina kuma yawan cin karo da sunan John Glubb a wannan batu, ina son in san ko rawar da ya taka ta kai yadda ake faɗa.

Malam Mai Nazari ya amsa:

Abu biyu ne suka canza, ƙanena, ɗaya a ɓangaren Iraƙi, ɗaya a cikin Najad, kuma na biyun ya fi nauyi.

Glubb ya zo Iraƙi a 1920 a matsayin hafsan injiniyoyin soja, daga baya ya zama jami'in tattara bayanai na rundunar sama a hamadar kudu, ya koyi Larabcin mutanen ƙauye, har suka laƙaba masa Abu Hunaik saboda raunin da ya samu a muƙamuƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Abin da ya gane shi ne cewa ba ƙarfin wuta ake rashi ba, labari ake rashi. A 1928 aka ba shi kula da hamadar kudu, ya kafa ƙaramar runduna ta masu raƙuma daga cikin ƙabilun kansu, mutanen da za su dubi sawu su faɗi raƙuman wace ƙabila ne da ranar da suka wuce. Ya haɗa musu da 'yan motoci ɗauke da bindigogi masu jigida da na'urar wayar iska, ya dasa 'yan leƙen asiri a rijiyoyin da mahara suke taruwa, ya mai da Busayya da Salman da Shabica sansanoni. Mafi muhimmanci, ya daina cewa makiyaya su gudu. Ya tara su wuri guda da makamansu, motoci suna gefe, jirage suna jiran kira, ta yadda mahari ba zai ƙara samun zango guda shi kaɗai ba. A lokacin kiwon 1928 zuwa 1929 wannan tsari ya rage ɓarnar sosai a ɓangaren Iraƙi. Ina ba shi wannan, ko da yake yawancin abin da aka sani game da aikin daga bakinsa ya fito, don haka sai an karanta da lura.

Da ganima ta yi wuya a arewa, sai Ikhwan suka juya kan na kusa. A farkon 1929 mutanen ɗan Bijad suka auka wa 'yan Shammar da fataken raƙuma na Najad, waɗanda talakawan Abdul'aziz ne, masu aƙida ɗaya da su. Wannan ya raba su da mutanen garuruwa da malamai, waɗanda dama tun 1927 sun ba da fatawar cewa shugaba ne kaɗai yake da ikon kiran jihadi. A ƙarshen watan Maris na 1929 Abdul'aziz ya gamu da su a Sibila, kusa da Zilfi, da rundunar da yawancinta mutanen gari ne, ya karya su cikin ɗan lokaci. Aka tsare ɗan Bijad a Riyad, al-Duwaish kuma ya ji mummunan rauni, amma ya warke ya sake tayar da bore tare da ƙabilar Ajman, bayan an kashe shugabansu Daidan ɗan Hislain.

A nan ne maganar Abu Safiyya take da ƙarfi, domin a wannan mataki na ƙarshe Ingila ta yi aikin da ya yi tasiri, sai dai aikin tsare ƙofa ne. Ta sayar wa Abdul'aziz da makamai, ta matsa wa Shaihu Ahmad ya hana 'yan tawayen sayen abinci a Kuwait, ta kuma jera jirage da motoci a kan iyaka don kada su sami mafaka. Al-Duwaish ya nemi a karɓi mata da yara su zauna a ƙasar Kuwait, aka ƙi. Da rundunar Abdul'aziz ta matso daga kudu, shi da Nayif ɗan Hislain da Jasir ɗan Lami suka miƙa kansu ga Turawa a watan Janairun 1930, lokacin Harold Dickson yana wakilin Ingila a Kuwait. Aka tsare su a jirgin ruwan yaƙi mai suna Lupin, kafin ƙarshen watan aka ɗauke su a jirgin sama aka damƙa wa Abdul'aziz, bisa alkawarin ba zai kashe su ba, zai hana hari, zai kuma biya fam 10,000 a matsayin somin diyya ga ƙabilun Iraƙi da Kuwait. Al-Duwaish ya rasu a kurkukun Riyad a 1931. A cikin wannan jirgin ruwan ne kuma Sarki Faisal da Abdul'aziz suka haɗu ido da ido a watan Fabrairun 1930, abin da ya kai ga yarjejeniyar abota tsakanin ƙasashen biyu a 1931.

Idan kana son ka gwada wannan fahimta da wani wuri, dubi Jodan. A can jirage da motoci masu sulke suna nan tun farkon shekarun 1920, amma hari tsakanin ƙabilar Huwaiɗat ta Jodan da ƙabilun Najad bai tsaya ba, sai ma talauci da ya ci Huwaiɗat, saboda ana hana su ramuwa ba a kuma dawo musu da raƙumansu. A ƙarshen 1930 aka tura Glubb can, ya nemi a janye sojan da aka jibge a hamada, ya kafa rundunar sintiri daga 'ya'yan ƙabilun a 1931, ya gina ƙananan sansanoni a kan rijiyoyi irin su Azraƙ da Bayir da Mudawwara, yana biyan shugabannin ƙabilu alawus, yana kuma ƙwato dabbobin da aka kora ya mayar wa masu su. Cikin shekara biyu zuwa uku hare-haren ƙetare iyaka suka kusan ƙarewa a wannan yanki, kuma a 1933 Jodan da Saudiyya suka amince da juna a hukumance.